Edward Burne-Jones (1833–1898): Rayuwarsa da Yadda Ya Sarrafa Tarihihi a Zane

Tsakure

Edward Burne-Jones na cikin fitattun masu zanen Ingila a zamanin Sarauniya Biktoriya, kuma a kan tsofaffin labarai ya gina kusan duk aikinsa na shekara arba'in: tarihihin Sarki Arthur da baradensa, hikayoyin Girkawa, da tatsuniyoyin Turai. Wannan takarda ta bi rayuwarsa daki-daki, ta ƙwanƙwance huɗu daga manyan ayyukansa, ta nuna cewa dabararsa ita ce kauce wa wurin da labari ya yi zafi, ya zana lokacin da komai ya tsaya cak. Daga ƙarshe ta auna wannan hanya da yadda ƙasar Hausa, musamman gabashin Sakkwato, ta adana nata tarihihin a wannan ƙarni.

1.0 Gabatarwa

Sarauniya Biktoriya ta hau gadon sarautar Ingila a watan Yunin 1837, wata huɗu kafin rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, ta kuma yi mulki har 1901. A tsawon wannan lokaci Ingila ta zama cibiyar masana'antun duniya. Jirgin ƙasa ya ratsa ko'ina, mutanen karkara suka kwarara birane neman aiki, inji ya karɓe sana'o'in da a da hannu ke yi. Wannan sauyi ya haifar da masu adawa da shi, kuma masu zane na cikinsu.

A 1848 wasu samari, waɗanda jagororinsu su ne William Holman Hunt da John Everett Millais da Dante Gabriel Rossetti, suka kafa ƙungiyar da ta yi wa Makarantar Zane ta Sarauta tawaye. Ra'ayinsu shi ne zanen Turai ya lalace da kwaikwayo tun bayan Raphael, gwanin Italiya da ya rasu a 1520, don haka sai a koma ga tsabtar launi da gaskiyar aikin magabatansa. Burne-Jones ba ya cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Ɗalibin Rossetti ne, amma a hannunsa wannan tafiya ta fi daɗewa, ta kuma ƙetare iyakar Ingila.

2.0 Asali da Tasowa

An haife shi ranar 28 ga Agusta, 1833, a Birmingham, birnin maƙera da masana'antun ƙarfe. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan kwana shida. Mahaifinsa ƙaramin mai sana'a ne, yana harhaɗa katakon da ake kewaye hotuna da shi yana shafa masa ruwan zinariya, kuma sana'ar ba ta taɓa kawo masa wadata ba. Wata mai aikin gida, Ann Sampson, ita ta rene shi. Yaro ne shi kaɗai a gida marar walwala, sai littattafai suka zama abokan hirarsa.

A 1853, shekarar da Heinrich Barth ya sauka Wurno zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Burne-Jones ya shiga Kwalejin Exeter ta Jami'ar Oxford da niyyar zama limamin coci. A can ya haɗu da William Morris, ɗan masu hali, wanda shi ma da wannan niyya ya zo. Abotarsu ta ɗore shekara 43. Tare suka karanta rubuce-rubucen John Ruskin, mai cewa kyawun gini da zane yana fitowa ne daga ma'aikacin da ke jin daɗin aikinsa. A 1855 suka zaga manyan majami'un arewacin Faransa, suka dawo da shawarar barin limanci: Morris zai koyi gini, Burne-Jones zai koyi zane.

A wannan shekarar ce Burne-Jones ya tsinci littafin Le Morte d'Arthur a wani shagon littattafai a Birmingham. Thomas Malory ne ya tattara shi, aka fara buga shi a 1485, yana ɗauke da labarin Sarki Arthur tun haihuwa har faɗuwar daularsa. Kuɗin saye ya gagare shi, sai ya riƙa zuwa yana karantawa a tsaye a shagon, har Morris ya biya ya saye. Wannan littafi shi ya riƙe zuciyarsa har ƙarshen ransa.

3.0 Koyon Sana'a da Kamfanin Morris

A farkon 1856 ya gana da Rossetti a Landan, ya bar jami'a ba tare da digiri ba. Bai yi doguwar makarantar zane irin ta takwarorinsa ba. Zama kusa da gwani da yawan gwaji su suka koya masa. A 1857 Rossetti ya tara abokansa domin su zana labaran Arthur a bangon zauren muhawara na ɗaliban Oxford. Ba su san yadda ake shirya bango ba, suka shafa launi a kan farar ƙasar da aka yi wa bulo, cikin ɗan lokaci zanen ya dusashe. Ziyarce-ziyarcensa huɗu zuwa Italiya, a 1859 da 1862 da 1871 da 1873, su suka cike masa giɓin, domin a can ya zauna ya nazarci aikin Botticelli da Mantegna da Michelangelo.

Ya auri Georgiana Macdonald a 1860. A 1861 Morris da abokansa suka kafa kamfanin ƙawata gidaje da majami'u, wanda daga 1875 ya koma hannun Morris shi kaɗai. Burne-Jones ne babban mai tsara zanen kamfanin. Ya tsara ɗaruruwan tagogin gilashi mai launi, ciki har da huɗu na babbar majami'ar Birmingham inda aka yi masa baftisma, ya tsara zanen tayil da na dardumar bango da na littattafai. Wannan aiki ya bar alama a hannunsa. Tagar majami'a doguwa ce siririya, kuma dalma ce ke riƙe kowane yankin gilashi, saboda haka dole layi ya fito sarai. Dogayen mutane sirara da ƙaƙƙarfan layin da aka san zanensa da su daga nan suka samo asali.

4.0 Ja da Baya da Ɗaukaka

A 1864 aka karɓe shi cikin tsohuwar ƙungiyar masu zanen fentin ruwa. A 1870 ya kai zanen wata hikayar Girkawa, ta Filis da Dimofon, aka yi ca a kansa saboda bai suturta namijin ba, ga kuma fuskar macen ta Maria Zambaco ce, wadda alaƙarsa da ita ta riga ta girgiza aurensa. Da aka nemi ya gyara sai ya janye zanen, ya fice daga ƙungiyar. Shekara bakwai da wuya a ga aikinsa a bainar jama'a, yana gidansa a Fulham yana yi wa tsirarun attajirai aiki.

A 1877 aka buɗe sabon zauren baje kolin zane na Grosvenor a Landan, ya kai ayyukan da ya tara, sunansa ya game gari. Daga nan ɗaukaka ta biyo: Makarantar Zane ta Sarauta ta zaɓe shi a 1885, ko da yake zane ɗaya tak ya taɓa kai mata kafin ya ajiye kujerar a 1893, Faransa ta ba shi lambar girma a 1889, a 1894 kuma aka ba shi sarautar gado mai laƙabin Sir.

5.0 Nazarin Ayyuka Huɗu

5.1 Yaudarar Merlin

Merlin shi ne masihircin da ya tsaya wa Arthur har ya hau gado. Labari ya ce ya kamu da son wata mace, Nimue, ya koya mata asirinsa, ita kuma ta ɗaure shi da shi har abada. A zanen da aka nuna a 1877, Merlin na kishingiɗe a cikin rassan wata bishiya mai ƙaya da fararen furanni, hannayensa sun saki, idonsa kaɗai ke da sauran rai. Nimue na tsaye riƙe da littafin asiri a buɗe, ta waiwayo tana dubansa, macizai na naɗe a gashinta. Babu kokawa, babu tsawa ko walƙiya. Rassan bishiyar da suka murɗe kamar igiya su ke gaya wa mai kallo cewa an gama da shi.

5.2 Sarki Kofetuwa da Yarinya Mai Bara

Wannan zane na 1884 ya kusa mita uku a tsaye, faɗinsa bai kai rabin haka ba. Tushensa tsohuwar waƙar baka ce ta Ingila, wadda mawaƙi Tennyson ya sabunta, game da wani sarkin Afirka da bai damu da mata ba sai ranar da ya hango wata mai bara, ya aure ta. Burne-Jones ya juya tsarin fada. Yarinyar ce ke zaune a sama, kan kujerar sarauta, ƙafa ba takalmi, cikin tsummar riga mai ruwan toka, riƙe da 'yan furanni, tana kallon gaba kamar ba ta san inda take ba. Sarki na zaune a ƙasa kan matakala, cikin baƙin sulke, ya cire kambinsa ya riƙe a cinya, ya ɗaga kai yana dubanta; mashi da garkuwarsa na jingine gefe. A can sama yara biyu na waƙa. Ko'ina ƙarfe ne mai sheƙi, jikin yarinyar kaɗai ke da taushi da haske.

A lokacin da aka nuna shi, mutane da yawa sun karanta shi a matsayin hukunci kan zamanin da ya fifita dukiya a kan komai. Abin lura ga mai nazari daga wannan nahiya shi ne, duk da labarin ya ce sarkin ɗan Afirka ne, ba a ba shi tufafi ko fadar wata sananniyar ƙasar Afirka ba. Afirkar zanen wuri ne na mafarki kawai, alhali a watan Nuwamban wannan shekara aka zauna a Balin ana shata ƙa'idojin rabon nahiyar ta zahiri.

5.3 Gimbiya Mai Barci

Jerin zane huɗu ne da ya kammala a 1890, kan tatsuniyar gimbiyar da aka yi wa baki ta yi barcin shekara ɗari, ita da duk mutanen fada, sarƙaƙiyar fure ta rufe gidan. A na farko, yarima na tsaye a gefen hagu da takobi, gabansa baraden da suka riga shi gwadawa na kwance cikin ƙaya, garkuwoyinsu na rataye a rassa. A na biyu, sarki na gyangyaɗi kan karaga, fadawa sun zube a gabansa. A na uku, 'yan mata sun kife a kan masaƙa da bakin rijiya. A na huɗu, gimbiya na kwance, kuma fuskar 'yarsa Margaret ya ba ta.

Duk mai sauraren tatsuniyar jiran wuri ɗaya yake yi, inda yarima zai iso gimbiya ta farka. Wannan wuri ne Burne-Jones ya ƙi zanawa. A cikin zane huɗu mutum ɗaya ne idonsa biyu, shi ma bai ɗaga ƙafa ba. Sarƙaƙiyar da ta ratsa daga zane zuwa zane ita ke jan idon mai kallo daga hagu zuwa dama, sai ya zamana shi ne ke yin tafiyar da yarima bai yi ba. Attajiri Alexander Henderson ya saye jerin, aka kafa shi a gidansa na Buscot, inda mai zanen ya ƙara ƙananan allunan da suka haɗe huɗun. A 1891 an kai su unguwar talakawa ta Whitechapel domin marasa hali su ma su gani.

5.4 Barcin Ƙarshe na Arthur a Avalon

Malory ya kawo cewa bayan yaƙin ƙarshe an ɗauke Arthur da mummunan rauni zuwa tsibirin Avalon, kuma wasu na cewa zai dawo. George Howard ya ba Burne-Jones aikin zana wannan a 1881. Aikin ya yi ta faɗaɗa har tsawonsa ya kai kusan mita shida da rabi, Howard ya haƙura ya bar masa. Arthur na kwance a tsakiya ƙarƙashin rumfa, kansa a cinyar wata sarauniya, mata na kaɗa kayan kiɗa a hankali, masu ƙaho na tsaye suna jiran ranar da za a ce su busa. Shekara 17 yana kansa. Bayan rasuwar Morris a watan Oktoban 1896 ya ƙara duƙufa, kuma yana taɓa shi har jajibirin rasuwarsa, ranar 17 ga Yuni, 1898. An yi masa addu'ar tunawa a majami'ar Westminster, karramawar da ba a taɓa yi wa mai zane ba kafinsa.

6.0 Salo da Dabarun Aiki

Abubuwa uku suka fito daga wannan nazari. Na farko, zaɓen lokaci: yakan ɗauki gabanin aukuwar abu ko bayanta, inda jira ko barci ko sihiri ya tsayar da mutane. Dalili shi ne masu kallonsa sun riga sun san labarin, abin da suke nema wurin zane shi ne damar tsayawa a cikinsa. Na biyu, jeri: labari ɗaya yakan raba shi alluna da yawa, kamar hikayar Fasiyus mai kashe dodo, wadda Arthur Balfour ya ba shi aikinta a 1875, ya tsara alluna goma bai kammala ba. Na uku, duniyar da ya gina ba ta wani ƙarni ba ce. Sulken baradensa shi ya ƙirƙiro fasalinsa, akan ƙera masa samfuri ya ajiye a ɗakin aiki yana kallo yana zanawa.

Mai jinkirin aiki ne. Kafin ya taɓa babban ƙyalle sai ya yi zanen gwaji da fensir na hannu da ƙafa da naɗin tufafi, kuma yakan jingine aiki shekaru ya koma wani. Fentin ruwansa yakan yi kauri har a ɗauka na mai ne. A 1893 aka aika wani zanensa Faris domin a ɗauki hotonsa, ma'aikaci ya zaci fentin mai ne ya shafa masa farin ƙwai, zanen ya lalace, dole ya sake shi da fentin mai.

Akwai kuma saɓani a tsakiyar rayuwarsa. Ya tsani hayaƙi da haɗamar zamanin inji, amma 'ya'yan wannan zamani ne suka ciyar da shi. Frederick Leyland, wanda aka yi wa zanen Merlin, jiragen ruwa gare shi a Libaful. William Knox D'Arcy, wanda aka saƙa wa dardumomin bango na labarin Ƙoƙo Mai Tsarki daga tarihihin Arthur, da haƙar zinariya a Ostireliya ya yi arziki, shi ne kuma ya sami izinin haƙar man Farisa a 1901. Zanen Merlin yau yana gidan zanen da William Lever ya gina, mai kamfanin sabulun da ya saye Kamfanin Neja a 1920. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kasuwar zanen Burne-Jones ta faɗi warwas, har a 1963 aka sayar da zanen Avalon da araha ga Luis Ferré, ya tafi da shi birnin Ponce a tsibirin Puerto Rico. Sai daga baje kolin Landan na 1975 darajarsa ta fara dawowa.

7.0 Awo da Ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa ba ta rasa tarihihi ba a wannan ƙarni. Akwai Bayajida da macijin Kusugu, akwai Kanta na Kabi da ganuwar Surame, akwai Amina ta Zazzau, akwai Bawa Jangwarzo, wanda birninsa Alƙalawa ke gabas da Goronyo. Bambancin yana wajen ma'ajiya. A nan baki ne ya ɗauki labari: kirari, waƙar fada, hirar dare. Inda ake son abin gani da ido, sai a nuna wurin ko kayan, kamar rijiyar Kusugu a Daura. Sana'o'in ido kuwa, bisa matsayin malamai kan surar mai rai, sun bi hanyar ado marar sura: zayyanar allo da ta Alƙur'ani, dagi da askar riga, zanen bango, sassaƙar ƙwarya, aikin dukawa. Gwanin da ƙarnin ya fi tunawa, Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, da baka da ginshiƙi ya nuna gwanintarsa.

Duk da haka akwai inda hanyoyin biyu suka haɗu. Abin da Ruskin da Morris ke kukan ya ɓace a Ingila, wato mai sana'ar da ke riƙe da aikinsa tun daga farko har ƙarshe, shi ne zaman yau da kullum na majema da marina da masaƙan Wurno da Rabah a lokacin. Haɗuwar ma ta wuce ta ra'ayi. Maɗaba'ar Kelmscott ta Morris ta fitar da littafin Chaucer a 1896 da zane 87 na Burne-Jones. Douglas Cockerell, ƙanen sakataren maɗaba'ar kuma gwanin ɗinkin littattafai, ya bayyana a littafinsa na 1901 cewa fatar akuyar da Kamfanin Neja ke kawowa ita ya fi samun amfaninta. Wannan fata irin ta jar akuyar Sakkwato ce, wadda ake jema da bagaruwa a rina da karan dafi, kuma jimarta ta gargajiya ce ta sa ta fi ta masana'antun Turai ƙarko.

Ta fuskar sarrafa labari, Abubakar Imam ya yi da alƙalami irin abin da Burne-Jones ya yi da burushi, domin a Magana Jari Ce ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa, har da tatsuniyoyin Grimm, ya sake musu gida. A fagen zane kuwa, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, sun koma ga tatsuniyoyin Ibo da na Urhobo domin kuɓuta daga manhajar Turawa, kamar yadda samarin 1848 suka koma ga magabata domin kuɓuta daga tasu makarantar.

8.0 Kammalawa

Burne-Jones ya tashi maraya a birnin ƙarfe, ya bar limanci ya kama zane, ya yi shekara arba'in yana juya tsofaffin labarai a gilashi da ƙyalle da saƙa da takarda. Gudummawarsa ita ce nuna cewa mai zanen tarihihi ba sai ya maimaita abin da baki ya riga ya faɗa ba; aikinsa ya zaɓi wuri ɗaya a labarin ya ba shi nauyi. Nazarin ya kuma nuna iyakarsa: duniyar da ya gina mafaka ce daga zamaninsa, zamanin ne kuma ya biya kuɗin ginin. Ga masu nazarin fasahar Hausa, sauran aiki shi ne tattara tarihihin Gobir da Kabi da na garuruwan ribaɗi irin su Wurno daga bakin waɗanda suka riƙe shi, tare da bincika yadda zayyana da zanen bango da dukanci za su iya ɗaukar waɗannan labarai bisa ƙa'idojinsu na kansu.